An ce maganin yara kyauta ne, me ya sa ake rubuta mana takarda mu saya?

"Lokotoro, ni malamin makaranta ne a wani gari da ke kudancin jahar Damagaram. Tun ina saurayi nake jin cewa maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma sau da yawa in mun kai yaro CSI ɗinmu, wato cibiyar kiwon lafiya ta yankinmu, sai a duba shi a rubuta mana ordinans, takardar magani, a ce mu je mu saya. Ma'aikaci ɗaya ne ke duba marasa lafiya, shi ne da rana shi ne da dare, alhali ƙanwata ta gama karatun jinya shekara uku ke nan tana zaune babu aiki. Shin laifin ma'aikatan ne, ko na shugabanninsu, ko na gwamnati? Kuma mu mutanen gari, akwai abin da za mu iya yi?"

Malam, na gode da wannan tambaya, kuma Allah ya ba yaran lafiya. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ina kyautar da aka yi alkawari ta maƙale, me ya sa ake kukan ƙarancin ma'aikata alhali ga waɗanda suka yi karatun a zaune, sannan wa za a tambaya. Na yi shekaru ina aiki a gundumomin kiwon lafiya na wannan jaha, wasu daga cikinsu ina riƙe da shugabancin gunduma, don haka zan amsa maka da abin da na gani daga wannan kujera. Amma ka sani tun farko cewa ban buɗe littattafan CSI ɗinku ba, saboda haka ba zan yanke wa ma'aikacinku hukunci ba, ko na wankewa ko na laifi. Abin da zan iya shi ne in nuna maka yadda tsarin yake tafiya, har ka iya gane da kanka inda naku yake yoyo.

Tsarin kiwon lafiyar Nijar hawa uku ne. A ƙasa akwai gunduma, wadda ta ƙunshi ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, da CSI irin naku, da asibitin gunduma kamar na Magariya ko Mirya ko Matamaye. A tsakiya akwai asibitocin jaha da cibiyoyin kula da uwa da yaro. A sama akwai asibitocin ƙasa, kuma ɗaya daga cikinsu yana nan birnin Damagaram. Ƙananan ɗakunan ƙauyuka, galibinsu an gina su ne a ƙarƙashin shiri na musamman na shugaba Tandja Mamadou daga farkon shekarun 2000, kuma sun kusantar da magani ga mutanen da a da sai sun wuni a kan amalanke kafin su ga mai farar riga.

Kyauta da bashin da ke bayanta

Kafin a zo ga kyauta, akwai tsarin da ya rigaye ta, wanda har yau shi ne ƙashin bayan kuɗin CSI. Bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987, ƙasashenmu suka ɗauki tsarin da mara lafiya zai biya ɗan wani abu, a tara kuɗin, a sake sayo magani da shi. Nijar ta mayar da shi doka a 1995. Ka ɗauke shi kamar jarin mai tebur: a sayar, a maido kuɗi, a sake saro kaya. Kwamitin mutanen gari, wanda ake kira COGES, shi ke sa ido a kan asusun, kuma daga cikinsa ake biyan mai karɓar kuɗi da mai gadi, a sayi gas na firijin allurar rigakafi inda babu sola.

A 2005 da 2006 gwamnati ta ce fiɗar ciro jariri, da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa, da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, duk sun zama kyauta. Ina cikin waɗanda suka yi murna da wannan mataki, kuma har gobe ina kare shi. Uwaye da a da suke ajiye yaro a ɗaki har sai ya fara suma, suka riƙa kawo shi tun zazzaɓi yana kwana ɗaya. Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma an lissafa kyautar jinya da ɗakunan ƙauyuka da gidan sauro cikin dalilan. Rayuka ne na gaske aka ceta.

Sai dai kalmar kyauta ta ɓoye wani abu. Maganin ba daga sama yake faɗowa ba. Abin da dokar ta ce shi ne, CSI ta yi wa yaro magani daga cikin kayanta, ta rubuta takardar kuɗin, ta aika gunduma, gunduma ta aika sama, sannan baitulmali ya maido mata kuɗin. To, a CSI ta karkara yara da masu ciki su ne mafi yawan masu zuwa. Idan maido kuɗin ya yi jinkirin watanni, wani lokaci har shekaru, kamar yadda ya riƙa faruwa, jarin nan na mai tebur ya karye ke nan, domin kaya suna fita kuɗi ba ya shigowa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na taɓa zama a ofishina da kwali uku cike da takardun biya na CSI-CSI, duk an sa hannu an buga hatimi, ga majo-majo, wato shugabannin CSI, suna jirana a waje kowa da jerin magungunan da suka ƙare masa, kuma abin da ke asusun gunduma bai isa ya cika ko rabin jerin mutum ɗaya ba. Wanda ya koma garinsu hannu wofi a ranar, shi ne wanda gobe zai rubuta wa uba ordinans, uban kuma ya tafi yana cewa an sayar da maganin gwamnati.

Ga wata alama da za ta taimake ka. Allurar rigakafi, da maganin zazzaɓin cizon sauro da abin gwajinsa, da maganin tarin fuka, da abincin tamowa, suna zuwa ne ta hanyar shirye-shirye na dabam waɗanda ƙungiyoyin duniya ke taimaka wa biya. Abin da ya fi yankewa idan asusu ya bushe shi ne wanda CSI ke saye da kuɗinta: amoksisilin na yara, farasitamol na ruwa, ruwan ƙari, safar hannu, sirinji. Idan irin waɗannan ake turo ku saye, mafi rinjayen zato shi ne bashin nan ne. Idan kuwa maganin zazzaɓin cizon sauro ne ake cewa babu wata da watanni, a lokacin da CSI maƙwabciya take da shi, wannan abin tambaya ne, kuma kuna da haƙƙin yin tambayar.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai ma'aikatan da suke fakewa da yankewar magani su sayar da nasu daga cikin jaka, kuma na taɓa kama irinsu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A inda kanta take cike, kwamiti yake ƙidaya kaya duk wata, irin wannan ciniki ba ya daɗewa.

Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta da rabi, ta mayar da haihuwa kyauta, ta kuma soke jika 150 da ake ajiyewa kafin a fara wa mutum wankin ƙoda. Sauƙi ne babba ga talaka. Ra'ayina a kai shi ne wanda na riƙe tun 2006: duk ragin da aka yi wa mara lafiya, dole wani ya cike shi a asusun asibiti, kuma a kan lokaci, in ba haka ba ragin zai dawo wa mara lafiyan ta ƙofar farmasi. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya, kuma Nijar, kamar galibin ƙasashen da suka sa hannu, ba ta kai wannan mizani ba. Ga kuma tsaro da ke cin kaso mai yawa, ga rufe iyakoki da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya wahalar da shigowar magani har zuwa Fabrairun 2024, ga Amurka da ta datse taimakonta na waje a farkon 2025.

Ma'aikaci ɗaya, da ƙanwarka da ke zaune

Abin da ya ba ka mamaki, wato ƙaranci a gefe ɗaya da zaman banza a ɗaya gefen, ba ya karo da juna. Damagaram tana da makarantar koyon aikin jinya ta gwamnati, ENSP, da makarantu masu zaman kansu da dama, ga sashen koyon likitanci a Jami'ar André Salifou. Duk shekara ana yaye matasa. Abin da ya yi kaɗan shi ne gurbin aiki mai albashi, domin ɗaukar ma'aikacin dindindin yana bin ƙarfin baitulmali ne, ba yawan masu takarda ba. Shi ya sa in ka shiga asibiti za ka tarar da mutum huɗu sanye da riga iri ɗaya amma matsayinsu ya sha bamban: ma'aikacin dindindin, da ɗan kwantaragi, da mai bautar ƙasa, da ɗan sa-kai wanda ba ya karɓar komai sai fatan in an tashi ɗauka a tuna da shi. Aiki ɗaya suke yi, wani lokaci ma na ƙarshen ya fi kowa daɗewa a tsaye. Duk mai son ya fahimci dalilin da ya sa wani ma'aikaci yake karɓar "na goro", ko yake ɓacewa da yamma ya tafi asibiti mai zaman kansa, sai ya fara daga nan, ko da yake fahimtar dalili ba halasta aikin ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2016 cewa ana bukatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi 4.45 ga kowane mutum 1,000. Muna nesa ƙwarai da wannan, kuma jama'a ba ta jira: ƙidayar 2012 ta sami jahar Damagaram da mutum sama da miliyan 3 da rabi, ita ce ta fi kowace jaha yawa, ƙasar kuma tana ƙaruwa da kusan kashi 3.9 cikin 100 a shekara. CSI da aka gina don garuruwa goma, yau garuruwan suna nan goma amma mutanensu sun kusa ninkawa.

Duk da haka, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabon waɗanda ake da su. A wata CSI ta cikin birni za ka ga ungozomomi sun yi yawa har suna karɓa-karɓa, wata ta zo yau wata sai jibi, a yayin da CSI mai nisan kilomita 100 ba ta da ko ɗaya. Dalilan sanannu ne. Yawancin masu karatun jinya da ungozomanci mata ne, da yawa mazajensu ma'aikata ne ko ƴan kasuwa a birni, kuma ana la'akari da zaman aure wajen tura ma'aikaci. Ƙauyen ba shi da gidan da za a sauke ta, ba lantarki, ba makarantar da za ta sa ƴaƴanta. Sai kuma wayar manya. Na sha sa hannu a takardar tura ma'aikaci ƙauye da safe, kafin la'asar an bugo mini waya daga wanda ba na iya ce masa a'a cikin sauƙi. Ɗan da ba shi da kowa a sama shi ake turawa Tasker ko can ƙuryar Tanut, kuma a manta da shi shekara biyar.

Bari in nuna maka daren irin wannan ma'aikaci, kamar yadda na tarar da wani a watan Satumba, lokacin da zazzaɓi da tamowa suke haɗuwa kafin sabon hatsi ya shigo. Na isa bayan isha'i. Yana durƙushe a kan tabarma, fitilar waya a bakinsa, yana neman jijiya a hannun yarinya ƴar shekara biyu wadda tafin hannunta ya yi fari fat. A ɗaki na gaba mace tana naƙuda, tsohuwar ungozomar gari na riƙe da ita. A waje amalanke ta tsaya da wani yaron da ke sanƙarewa. Tun safe ya duba yara fiye da yadda rajistarsa ta iya ɗauka a shafi biyu, kuma bai ci komai ba sai fura. Yarinyar jini take bukata, jini kuwa sai asibitin gunduma, motar ɗaukar marasa lafiya tana can ta kai wata. A motata muka tafi da ita. Wannan mutum in ya ɗaga wa wani uba murya washegari, ba zan ce ya kyauta ba, amma na san abin da ya kwana a kansa. Ba banza ba ne sashen yara na asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta daɗe tana aiki, yake cika maƙil a irin waɗannan watanni.

Shugabanci

A nan ne nake ganin akwai abin gyara da yawa wanda ba ya jiran kuɗi masu yawa. Mu likitoci an koya mana jinya da fiɗa, ba a koya mana riƙe mutane da lissafin kuɗi ba, sai kawai a wayi gari an naɗa ka shugaban gunduma mai CSI talatin ko fiye. Wasu sukan koya a kan aiki, wasu ba sa koya. Kuma kafin wanda ya koya ya ga amfanin abin da ya shuka, an ɗauke shi an kawo wani.

Ziyarar duba aiki ita ce zuciyar shugabancin gunduma. Ya kamata tawagar gunduma ta je kowace CSI a kai a kai, ta zauna tare da majo yana duba marasa lafiya, ta ƙidaya magani, ta buɗe firiji, ta saurari kwamiti. Idan babu man mota ba a zuwa, idan an je kuma a tsaitsaye don a cika takarda, ma'aikaci yakan gane cewa mai ƙoƙari da mai sakaci duk ɗaya ne a idon na sama. Wannan shi ke kashe zuciya fiye da ƙarancin albashi. Ga kuma tarurrukan ƙara wa juna sani da kowace ƙungiya ke shiryawa a birni da kuɗin zama: a wata ɗaya ana iya kiran majo sau uku, kowane kira ya bar CSI a hannun ɗan sa-kai. Ga rahotanni, kowane shiri da nasa fam, har ma'aikaci ya kwashe kwanakin ƙarshen wata yana cike takardu maimakon duba mutane. Shugaba nagari yakan ce wa mai shirya taro ya dakata sai bayan damina, ko da hakan zai ɓata wa wani rai.

Kuma ina da hujjar cewa in an amince da mutanen gari, aiki yana tafiya. A Mirya ne ƙungiyoyin agaji na ALIMA da BEFEN suka fara koya wa uwaye gane tamowa ta hanyar auna damtsen yaro da ɗan zaren nan mai launi kore da rawaya da ja, kuma yau ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan dabara. Makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, a jahar nan aka fara ta tare da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran yawan jama'a. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake ba yara duk wata a lokacin damina, wanda aka fara a Nijar a 2013, matasan gari ne ke bi gida-gida da shi.

Ɓangaren da aka fi mantawa shi ne na jin ƙai. Kyautar ta fi karkata ga yara da masu ciki. Tsoho mai hawan jini, da mai taɓin hankali, da naƙasasshe, da matar da ta warke daga yoyon fitsari amma ba ta da inda za ta koma, duk suna rataye a wuyan dangi. Manyan asibitoci suna da ofishin kula da marasa galihu, akwai kuma takardar shaidar rashin ƙarfi da hukumar gari ke bayarwa, amma ma'aikatan wannan fanni kaɗan ne, kuma takardar ita ma sai an sami mai biyan abin da ta yafe.

Abin da ke hannunku

Ka fara da kwamiti. Ka tambaya su wa ke cikin COGES ɗinku, yaushe aka zaɓe su, yaushe suka yi zaman ƙarshe. A wurare da yawa kwamitin ya tsufa a kan kujera, wasu ma ba sa iya karanta littafin kuɗi. Kai malami ne, kana da karatu da lissafi, shigarka ciki ko zamanka tare da su ranar ƙidayar kaya zai canja abubuwa. Ku nemi a liƙa jerin farashi da jerin abin da yake kyauta a bakin ƙofa, cikin Hausa. Ku nemi a faɗa wa taron gari nawa CSI take bin gwamnati, domin in mutane suka ji adadin, zargin da suke yi wa majo yakan ragu, kukan kuma ya nufi inda ya dace.

Game da ƙarin ma'aikaci, ku rubuta takarda zuwa ga shugaban gunduma da hukumar garinku, da sa hannun maigari da liman da shugabar mata, ku sa yawan garuruwan da CSI take ɗauka da yawan haihuwar da ake yi a wata. Takarda mai adadi tana ba shugaban gunduma abin da zai riƙe ya je jaha da shi. Tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na kula da kiwon lafiya, kuma na ga inda hukumar gari ta ɗauki nauyin ɗan alawus ga ma'aikacin jinya ɗan asalin yankin. Na kuma ga garin da ya gina ɗaki biyu da kewaye kusa da CSI, da tubalin ƙasa da aikin gayya, kuma wannan ne ya sa ungozoma ta yarda ta zauna. Haka asusun dala ashirin da wasu gundumomi ke ƙarawa a kan kuɗin duba mara lafiya don man motar ɗaukar marasa lafiya, yana aiki matuƙar ana bayyana lissafinsa.

Waɗannan duka suna da iyaka. Kwamiti ba zai biya bashin baitulmali ba, maigari ba zai buɗe gurbin aiki ba, kuma jadawalin tura ma'aikata ƙauye na adalci, wanda kowa zai san shekarun da zai yi kafin a dawo da shi, sai daga ofishin minista. Game da ƙanwarka, ta tabbatar takardunta suna ajiye a ofishin kiwon lafiya na jaha, ta riƙa bin sanarwar ɗaukar ma'aikata ta gwamnati da ta ƙungiyoyi, musamman gab da damina lokacin da ake neman ƙarin hannu a sassan yara. Idan iyali sun amince, kuma akwai wurin zama mai mutunci, ku kai sunanta ga shugaban gunduma a matsayin ƴar yanki da take shirye ta yi aiki a CSI ɗinku. A lokacin da nake kan kujerar, irin wannan suna ne nake fara ɗorawa a saman jeri, domin ƴar gari ba ta neman a maido ta birni bayan wata shida.